Itacen da Mahadi Ya Bari

Ummu: Halo? Halo! Salamu alaikum.

Kawu: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Ummu: Ofishin gandun daji ne, na Tsafe?

Kawu: Nan ne. Ɗaga murya don Allah, layin sai ƙugi yake kamar injin niƙa.

Ummu: Malam Isah nake nema, mai kula da renon itatuwa.

Kawu: Ai shi ke magana. Wace ce?

Ummu: Kawu, ni ce! Ummulkhairi!

Kawu: Hairan? Wace Hairan kuma?

Ummu: Ummulkhairi ta Gusau! Ɗiyar ƙanwarka Maimuna!

Kawu: Af, Ummu! Yo ni tun ƙarfe takwas nike zaune gaban wayar ga kamar mai gadi. Direban da kinka aiko ya ce in jira kiranki, har Oga ya fara harara ta.

Ummu: Ka yi haƙuri, sai da aka tashi tara na samu na sulale daga makaranta. Ina kwana, Kawu?

Kawu: Lahiya lau. Kun tashi lahiya?

Ummu: Lafiya ƙalau. Ya gajiya?

Kawu: Ba gajiya. Ya ruwa?

Ummu: Ruwa ya yi gyara. Kwana uku ke nan ba mu ga rana ba.

Kawu: Mu ma nan haka. Ya aikin koyarwa? Ya ɗalibai?

Ummu: Da godiya. Ya Gwaggo Asabe? Ya ƙafar tata?

Kawu: Da sauƙi, tana taka ta har bakin rijiya. Ya 'yar amaryata Nana Aisha? Ta fara makaranta?

Ummu: Sai baɗi. Surutu dai ya ƙaru.

Kawu: Madalla. Kin leƙa Rawayya kwanan ga? Ya uwar taki?

Ummu: Na je wancan sati, suna lafiya. Geronsu ya yi kai.

Kawu: Alhamdu lillahi. Ya maƙwabta? Ya mutanen Sabon Gari?

Ummu: Kowa lafiya. Kawu, da kati nake magana, lambobin sai raguwa suke. Bari in faɗa maka abin da ya sa na kira.

Kawu: Ina jin ki. Lahiya dai ko?

Ummu: Mutuwa yake, Kawu.

Kawu: Inna lillahi! Wa?

Ummu: Ganyensa duk sun zube, saura huɗu.

Kawu: Ganye? Ke Ummu, wa ke mutuwa?

Ummu: Itacen nan na cikin gwangwanin fenti. Wanda Mahadi ya kawo reshensa daga bariki, shekarar da muka yi aure. Mai ganye kamar fata, wanda ya ce sunansa roba.

Kawu: Kai, ɗiyar nan! Kin kusa tsinka mini zuciya! A kan itace kinka zaunar da ni gaban waya awa guda?

Ummu: Ba aikinka ba ne? Shekara talatin kana renon itatuwan gwamnati. Yau ɗaya na kawo maka nawa.

Kawu: To, to. Na ji. Ba ni labari. Shi kaɗai ne?

Ummu: Uku ya bar mini ranar da aka kwashe su zuwa yaƙin Saliyo. Robar, da fulawar wardi, da wata mai faɗin ganye kamar gwaza. Duk ukun sun lalace, amma robar ce ta fi damu na.

Kawu: Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ganyen robar, bushewa sunka yi sunka yi ƙamas, ko rawaya sunka yi tukuna?

Ummu: Rawaya. Sai su yi laushi, sai in wayi gari in tarar da su a ƙasa.

Kawu: Daga sama sunka fara, ko daga ƙasa?

Ummu: Daga ƙasa. Na saman ne suka rage.

Kawu: Uhum. In kin koma gida ki duba mini ƙasar gwangwanin, ki...

Ummu: Ga shi nan gabana.

Kawu: Mi?

Ummu: Na ce ga shi nan gabana. Na taho da shi.

Kawu: Kin taho da shi wurin buga waya?

Ummu: A kan kabu-kabu. Da shi na tafi makaranta da safe, daga can na rungumo shi a cinyata. Mai babur ɗin sai waige yake, ganye na dukan ƙeyarsa. Yanzu haka mutum biyar ke layi a bayana suna kallo na. Su yi ta kallo.

Kawu: Allah mai iko. To, tura yatsanki cikin ƙasar, har gaɓa biyu. Mi kinka ji?

Ummu: Taɓo ne. Caɓal.

Kawu: Shinshina.

Ummu: Kai! Wari, Kawu. Kamar kwata.

Kawu: Ɗaga gwangwanin ki leƙa gindinai. Akwai huji?

Ummu: Tsaya, da nauyi. Akwai guda biyu da ya huda da ƙusa, amma tsatsa ta toshe su.

Kawu: Sau nawa kike ba shi ruwa?

Ummu: Safe da yamma.

Kawu: Cikin daminar ga?

Ummu: Wani lokaci har da azahar. Da na ga yana rawaya sai na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara.

Kawu: Kin ƙara! Kuma ina kinka aje shi?

Ummu: Da yana bakin taga. Da akuyar maƙwabta ta fara miƙo kai, sai na mai da shi ƙuryar ɗaki, bayan gado.

Kawu: Cikin duhu, cikin taɓo, ba huji. Ummu, ba ciwo ya kama itacen ga ba, ke kike nutsar da shi. Shi Mahadi sau nawa yake ba shi?

Ummu: Sau ɗaya a sati, ina jin. Ranar Asabar.

Kawu: To mi yas sa kinka sauya?

Ummu: Ban sani ba. Tun da wasiƙunsa suka daina zuwa, wata bakwai ke nan, in na shigo ɗaki na rasa abin yi, sai in ga buta a hannuna.

Kawu: Hmm.

Ummu: Ke nan ruwa ne? Ka tabbata ruwa ne kawai?

Kawu: Ruwa ne. Saiwar ce ta fara ruɓewa.

Ummu: Saniya?

Kawu: Saiwa! Jijiyar da ke cikin ƙasa!

Ummu: Alhamdu lillahi. Haka nake so in ji daga bakin wanda ya sani. Don uwar Mahadi, Inna Delu, ta zo daga Nahuce ranar Litinin. Tana shiga ɗaki ta ga ganye a ƙasa sai ta zube tana kuka, wai ishara ce. Wai abin da mutum ya dasa da hannunsa ba ya bushewa haka nan sai in mai shi ya tafi.

Kawu: Ai tsohuwa ce, sai haƙuri. Yazid ma ya ce tun da tak koma gida ba ta...

Ummu: Yazid?

Kawu: Na'am?

Ummu: Ka ce Yazid ya ce. A ina ka ga yayan Mahadi?

Kawu: Halo? Layin ga ya fara...

Ummu: Layin lafiya yake, ina jin har numfashinka. Kawu, a ina ka ga Yazid?

Kawu: Ya biyo ta nan shekaranjiya.

Ummu: Ya biyo. Daga Nahuce ya ratsa Gusau, ya wuce ƙofar gidana, ya tafi har Tsafe, ya biyo. Shi ya sa! Ka tambaye ni ruwa, ka tambaye ni ɗalibai, ka tambayi maƙwabta, ba ka ce ko an ji labarin Mahadi ba. Kai da kullum da shi kake farawa.

Kawu: Ummu, saurara.

Ummu: Ina saurare. Mi ya ce maka?

Kawu: Ya zo da ladabi, ba da faɗa yaz zo ba. Ya ce sun yanke shawara a gida. Ranar Juma'a za su yi sadaka, a yi wa Mahadi addu'a. Ke kuma ki shiga takaba. A kwashe kayan ɗakin, a mai da wa mai gida makullinai, ki koma Rawayya wurin uwarki ke da yarinya. Ya ce tunda mahaifinki ya rasu, ni ne babba, ni ya kamata in zo in ɗauke ki.

Ummu: Kai kuma ka ce mi?

Kawu: Na ce Allah Ya kai mu Juma'ar.

Ummu: Ka amsa masa ke nan.

Kawu: Na amsa.

Ummu: Ba ka tambaye ni ba. An zauna an gama, kamar buhun gero za a ɗora a mota.

Kawu: Kada ki yi mini wagga magana. Ni na ɗauke ki a kafaɗa na kai ki makarantar allo. Yaron nan Jibo da sunka tahi yaƙin tare ya dawo Bungudu da ƙafa guda, kuma ya ce...

Ummu: Na san abin da Jibo ya ce. Na je Bungudu da ƙafata na same shi.

Kawu: Kin je?

Ummu: Sati biyu da suka wuce. Na zauna a zaurensu, ga ubansa nan zaune, shi ne shaida. Ya ce an buɗe wa motarsu wuta a hanya, kowa ya faɗa daji, shi kuma bai farka ba sai a asibiti. Na ce, Jibo, ka ga gawarsa? Ya ce a'a. Na ce ka ga wanda ya gani? Ya ce a'a. Na ce to mi ka gani? Ya ce ya ga Mahadi ya diro daga mota yana gudu. Yana gudu, Kawu! Iyakar abin da idon mutum ya gani ke nan. Daga Bungudu zuwa Nahuce maganar ta zama an binne shi.

Kawu: Wata bakwai, Ummu. Mai rai da ya aiko ko da layi guda ne.

Ummu: Na je barikinsu ma. Wani hafsa ya buɗe takardu a gabana. Sunansa ba ya cikin waɗanda suka rasu. Yana cikin waɗanda ba a gani ba tukuna. Ya ce akwai waɗanda aka kama aka sako bayan watanni, akwai kuma waɗanda ba su dawo ba. Bai ɓoye mini kome ba.

Kawu: To kin ji da kunnenki. Akwai waɗanda ba su dawo ba.

Ummu: Na ji. Kawu, ni ban ce yana da rai ba. Na ce ban sani ba. Yazid ma bai sani ba. Inna Delu ba ta sani ba. Bambancinmu, su sun gaji da jira, ni ban gaji ba.

Kawu: Ba gajiya ba ce kaɗai. Kin ga yadda tsohuwar nan tak koma? Ba ta ci, ba ta barci. Ko wace mota tat tsaya bakin hanya sai ta fito. Yazid so yake a yi addu'a ta samu ta sauke abin a ranta.

Ummu: A yi addu'a mana! Wa ya hana addu'a? Ni kullum cikinta nake. Amma a ce Allah Ya dawo da shi, kada a ce Allah Ya jiƙansa. Na tambayi limamin unguwarmu, na ce Malam, ana shiga takaba da ji-ta-ji-ta? Ya ce ba a yi. Ya ce matar wanda ya ɓace tana da hukuncinta daban, kuma ba dangin miji ke yanke shi a zaure ba.

Kawu: Har wurin liman kinka je.

Ummu: Ina zan zauna? In bar aikina, in bar ɗakin da ya san ya bar ni, in tafi Rawayya in lulluɓe? In wasiƙa ta zo makaranta wa za ta tarar? In shi da kansa ya sauka a tasha ya zo ya ga kwaɗo a ƙofa, maƙwabta su ce ai an yi sadakarka tun bara?

Kawu: Mace ke kaɗai a gidan haya, cikin Sabon Gari. Kin san bakin mutane.

Ummu: Na san shi sarai. Shekara ɗaya da rabi ina zaune ni da ɗiyata, ba wanda ya taɓa ganin takalmin namiji a ƙofata. Mai magana ya zo ya faɗa a gabana.

Kawu: A hankali, mutane na jin ki.

Ummu: Su ji! Malam, don Allah ka daina taɓa mini kafaɗa, ban gama ba. Katina ne, ba naka ba.

Kawu: Da wa kike?

Ummu: Wani ne a layi. Kawu, ka ji ni da kyau. Ranar Juma'a ko da motar katako aka zo, ba na shiga. Ba tsinken da za a fitar daga ɗakin nan. In ka zo zan shimfiɗa maka tabarma, in dafa maka abinci, in durƙusa in gaishe ka, amma ba zan bi ka ba.

Kawu: To fa.

Ummu: Halo? Kana nan?

Kawu: Ina nan. Tunani nike. Wardin fa?

Ummu: Mi?

Kawu: Fulawar wardin. Kin ce uku ne. Yaya take?

Ummu: Ta bushe. Ta yi baƙi tun daga sama har gindi.

Kawu: Kin gwada karya reshen?

Ummu: Na karya jiya. Ƙaras ya yi, cikinsa kamar kara. Na tona gindin, ba saiwa ko ɗaya, duk ta narke.

Kawu: Wagga kam ta tahi. Ba ni da maganinta.

Ummu: Na sani. Na zubar da ita da safen nan. Na gani da idona, na taɓa da hannuna, ban yi gardama da kowa ba.

Kawu: Hmm. Mai kama da gwazar fa?

Ummu: Ita ganyenta ne suka nannaɗe. Ƙarƙashinsu akwai wani abu fari-fari kamar auduga, ga danƙo, ga tururuwa na hawa.

Kawu: Ƙwari ne, suna tsotse ta. Wanga mai sauƙi ne. Ki samu ganyen dogon yaro ki daka, ki jiƙa ya kwana, ki tace. Ki ɗan saka sabulun salo kaɗan, kaɗan fa na ce, kada ki yi kumfar wanki. Ki sa tsumma ki goge ganyen ɗaya-ɗaya, sama da ƙasa. Bayan kwana huɗu ki sake. Kuma ki raba ta da sauran.

Ummu: Dogon yaro da sabulun salo. Na riƙe. Robar fa? Kawu, gaya mini gaskiya, kada ka lallashe ni. In ta mutu ka ce ta mutu.

Kawu: Ni ban iya faɗi daga Tsafe. Ke za ki duba. Kina da farce?

Ummu: Fartanya?

Kawu: Farce! Akaifa! Na yatsa!

Ummu: Oho. Akwai.

Kawu: Ki kankare bawon jikinai kaɗan, can ƙasa kusa da gindi. Kada ki yi zurfi. In kin ga ruwan ƙasa, busasshe, to shi ke nan. In kin ga kore, da sauran magana.

Ummu: Tsaya in maƙale wayar a kafaɗa. Bismillahi.

Kawu: Mi kinka gani?

Ummu: Tsaya mana. Bawon da tauri.

Kawu: Yi a hankali.

Ummu: Kawu!

Kawu: Na'am?

Ummu: Kore ne! Kore shar! Kuma wani farin ruwa na fitowa, kamar nono, har ya ɗiga mini a zane!

Kawu: To kada ki kai hannun ido, yana da zafi. Shina da rai. In roba na fid da wanga nono, ba ta mutu ba.

Ummu: Malam, kai da ke ta matsa mini, leƙo ka gani! Ka ga? Yana da rai!

Kawu: Ke, bar mutane su sarara. Kuma ki ji nan, Ummu. Kada ki ɗauki wanga ki yi abin da Inna Delu ta yi. Ita ta ga ganye ya zube ta ce ɗanta ya mutu. Kada ke ki ga kore ki ce shina hanya.

Ummu: Ba zan ce ba. Itace itace ne, bai san inda Saliyo take ba. Abin da nake so, in an ce mini ishara, in ce ƙarya ne, ruwa ne ya yi yawa, kuma ni na zuba shi. Yanzu mi zan yi masa?

Kawu: Yau ɗin nan, kada ki bari ya sake kwana cikin taɓon nan. Ki kwantar da gwangwanin, ki bubbuga gefe, ki zaro shi a hankali. Ki kakkaɓe ƙasar duka. Za ki ga saiwa iri biyu. Fara mai ƙarfi, ki bar ta. Baƙa mai laushi mai wari, ki sa sabuwar reza ki yanke, kada ki ji tausayi.

Ummu: In ta fi yawa fa?

Kawu: Ko rabi ce ki yanke. In kin bar ta, ita za ta cinye mai kyau. Sannan ki barbaɗa toka a wurin yankan.

Ummu: Tsoka?

Kawu: Toka, ta murhu! Mai sanyi! Ko ki daka gawayi. Ki aje shi a inuwa ya sha iska kamar awa biyu. Sai ki sake mai da shi cikin sabuwar ƙasa, rabi ƙasar gona, rabi yashi.

Ummu: Yaji? In zuba masa yaji?

Kawu: Yashi! Na bakin gulbi! Wane irin layi ne wanga?

Ummu: Na ji, na ji, yashi. Taki fa? Maƙwabciyata ta ce in sa masa na zamani ya farfaɗo.

Kawu: Kul! Ƙone shi zai yi. Marar lahiya ba a ɗura masa tuwo. Sai ya yi sabon toho tukuna. Kuma gwangwanin nan ki huda shi da ƙusa wuri shida kafin a samu tukunyar ƙasa. Ki mai da shi bakin taga inda hasken safe ke shigowa. Akuya kuma ki sa mata ƙaya.

Ummu: Ruwa fa?

Kawu: Ki ɓoye butar nan. Sai kin tura yatsa kin ji ƙasa ta bushe har gaɓa biyu. Ko sati ne, ko kwana goma. Kuma ganyen nan huɗu, watakila biyu su ƙara zubewa. Kada ki firgita ki koma gidan jiya.

Ummu: Yaushe zan ga toho?

Kawu: Wata guda, wata biyu. Watakila kuma ya ƙi. Ban yi miki alkawari ba.

Ummu: Ban nemi alkawari ba. To Juma'a fa?

Kawu: Juma'a ina zuwa.

Ummu: Kawu...

Kawu: Bari in ƙare. Motar farko zan shigo, in riga su isowa. Akwai wata tukunya mai huji a gandu, zan taho miki da ita. In Yazid ya zo, ni zan yi magana, ke ki yi shiru.

Ummu: Ya danganta da abin da za ka ce.

Kawu: Zan ce na yi gaggawa da na amsa masa ban ji ta bakinki ba. Zan ce mu tashi mu uku mu tahi wurin limamin nan naku, ya maimaita a gabanmu. In abin da kinka faɗa shi yaf faɗa, to ba takaba, ba kwashe kaya, kuma ni ba na ɗaukar kowa zuwa Rawayya. Ni ko dashen gwamnati ba na tumɓukewa sai na kankara na gani.

Ummu: Allah Ya saka da alheri, Kawu. Allah Ya ƙara girma.

Kawu: Kada ki yi saurin godiya, da sharaɗi. Ranar Asabar ki ɗauki Nana Aisha ku tahi Nahuce, ku wuni wurin tsohuwar nan.

Ummu: Wurin wadda ta zauna a ɗakina tana kiran mijina marigayi?

Kawu: Ɗanta ne kafin ya zama mijinki. Ita ba ta da makaranta da za ta je ta manta, ba ta da liman a bakin ƙofa, ba wanda ya kai ta ta ga takardar bariki. Ki zauna ki faɗa mata abin da Jibo ya gani, da bakinki, yadda kinka faɗa mini. Ki bar ta ta riƙe jikarta.

Ummu: In suka taru a kaina fa?

Kawu: Ke? Wa zai iya?

Ummu: To. Zan je. Don kai, da don Nana. Amma ka sani tun yanzu, ba da tsohon zane zan je ba kamar mai zaman makoki. Atamfar da ya saya mini da Sallah zan ɗaura. Da 'yan kunnena. Da lalle.

Kawu: Ummu, gidan da anka kwana ana kuka...

Ummu: Da jan gyalena, Kawu. Tun daga bakin hanya kowa ya gan ni ya san matar aure ce ta sauko daga mota.

Kawu: Ki dai sa mai duhu-duhu, don Allah. Ko shuɗi.

Ummu: Ja. Kawu, lambar ta kai ɗaya, zai yanke. Ka gai da Gwaggo, kada ka manta da tukun...

Kawu: Ki ji mana, shuɗin ma ai... Halo? Ummu? Halo! Ja, wai. Uwarta sak.